Yadda za ku rage wa tsohuwa kaya da gida ba tare da kun ɓata mata rai ba

Shekara biyu kenan da muka ɗauko Innarmu daga Tawa muka maido ta Yamai wajen yayana, bayan rasuwar Baba gidan ya yi mata girma, ɗaki shida ne da zaure da garka kuma kowa ya watse, ita kaɗai sai wata jikanya, shara ma ta zama aiki ga ciwon gwiwa. Mun yi kuskure da dama a wanga aiki, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani ya amfana.

Abu na farko, kahin ku taɓa ko cokali ɗaya, ku zauna da mai kayan. Mu ba mu yi haka ba. Yayana ya ga gadon ƙarfenta ya tsufa yana ƙara, ya kira mai saye ya sallama shi ranar da ta tahi ganin likita, da niyyar ya sawo mata sabo. Da ta dawo ta ga wurin wayam ba ta yi faɗa ba, ta dai zauna bakin ƙofa ta ce "ashe har na mutu ban sani ba, kun fara rabon gado." Kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Gadon nan da shi aka kai ta ɗakin miji, a kansa ta haife mu. Don haka maganar ta fito daga bakin wanda take jin nauyinsa, ƙaninta ko aminiyarta ko malamin unguwa, kuma kar a ce mata "za mu zubar da tarkace", a ce "Inna, mi kike so ya bi ki, mi kike so ki ba wa wa?" Ita ce mai yanke hukunci, ku 'yan ɗauka ne kawai.

Ku tambayi kanku ma ko tashin ya zama dole. Sau da yawa ba sai an raba tsoho da unguwarsa ba, masallacinsa da maƙwabtan da yake gaisawa da su kullum sun fi mishi ɗaki mai kilimatizer. Ana iya maido shi ɗaki ɗaya ko biyu kusa da makewayi, a ja katanga, sauran a sa haya kuɗin ya riƙa shigo mishi duk wata. Ni ra'ayina kar a yi gaggawar saida gida, hayar ta fi, in zaman can bai yi ba akwai wurin komawa.

Sai takardu, nan ne ya kamata ku fi ba da ƙarfi don kwano in ya ɓata ana sayen wani amma takardar fili wahala ce. Ku nemo takardar mallakar gidan, wato akt da sesiyo ko titir fonsiye, takardun gona, takardar haihuwa, kart din dantite, takardun ratret in tsohon ma'aikaci ne, CNSS ga wanda ya yi aikin kamfani, CARENI ga ma'aikacin gwamnati, da ordonans da sakamakon awon asibiti. Namu a cikin wata tsohuwar jakar Makka muka same su ƙarƙashin zannuwa, gara ta fara cin gefen guda. A yi fotokopi, a ɗauki hoto da waya a tura wa 'yan uwa biyu ko uku, na asali a sa a leda a ba mutum ɗaya amana kowa ya san wane ne. Kuma ku je NIGELEC, kamfanin kuran, da wajen masu ruwa ku biya abin da ake bi, ku san matsayin konter kahin ɗan haya ya shiga, in ba haka ba bashi zai taru da sunan tsoho.

Yanzu kayan kansu. Ku fara auna ɗakin da za ta koma, da igiya ma ya isa, don ku san armuwar za ta shiga ko a'a. Abin da hannunta ke taɓawa kullum ba a ma shawara a kansa: Alƙur'ani, tasbaha, darduma, buta, rediyo, kujerarta 'yar tsugune, fanka, magunguna. Daga nan a bi ɗaki ɗaki, kar ku ce za ku gama rana guda, awa biyu da hantsi ya isa, tsoho na gajiya kuma kowane abu da labarinsa. Ranar da muka buɗe adakar Inna ƙamshin turaren wuta da kafur ya cika ɗakin, ta ɗauko wani zane shuɗi da bai taɓa ganin ruwa ba ta ce uwarta ce ta ba ta, muka share wuni ba mu ware komai ba sai saurare, kuma ban yi nadamar wunin nan ba. Jeren tasoshi da kwanonin samira da ta yi shekaru tana gogewa, da kanta ta zaɓi biyar, saura ta raba wa jikoki mata tana kiran sunan kowace. Turmi kuwa ta ce sai ya bi ta ko da ba ta iya daka yanzu, muka sa shi a mota, yana nan bakin ƙofarta.

Ga maganar rabon nan a kula sosai. Abin da tsoho ya bayar yana da rai da lafiya kyauta ce, amma a mazhabar Malikiyya da muke bi sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe, in an ce "na ba ka" kawai abin yana nan hannun mai shi har ya rasu, ya koma cikin gado. Wasiyya kuma ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, ba a yi wa magaji. Kuma a yi adalci tsakanin 'ya'ya, Manzon Allah (SAW) ya ƙi zama shaida lokacin da sahabi Bashiru ya ba ɗansa Nu'umanu kyauta shi kaɗai. Zinariya, dabbobi, fili, duk abu mai daraja a kira malami da shaidu a rubuta, a sanar da waɗanda ke nesa, na Abijan da na Libiya, kahin a yi ba bayan an yi ba.

Abin da ya rage, na sayarwa a kira dillaliya ta unguwa don zannuwa da kwanoni, ƙarafa da ƙofofi da katakai a Yamai kasuwar Katako ce wurinsu, kuɗin kuma a danƙa mata a hannu ko jika ɗaya ce. Tufafin Baba mun yi sadaka da su, ita ta faɗi gidajen da za a kai. Magungunan da kwanansu ya wuce kar a ba kowa.

Lokacin tashi ku zaɓi sanyi, Disamba ko Janairu. Zafin Afrilu da Mayu a Yamai yana haura digiri 40, ba lokacin ɗora tsoho a hanyar Tawa ba ne mai fiye da kilomita 500, damina kuma ruwa zai jiƙa katifa a bayan mota, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san ba a sauke tsoho a unguwar da ruwa ke kwanciya. Cikin gari dogon baro biyu ya isa.

Ɗakin ya zama a ƙasa ba bene ba, kusa da dush, a sa ƙarfen riƙewa a bango, a cire tabarmar da ke zamewa a kan karo, gado kar ya yi tsawo kar ya yi ƙasa, tocila kusa da matashi don kuran na ɗaukewa. Ku jera mata kaya yadda suke a tsohon ɗakin, butar a dama in a dama ta saba. Kuma ku sa mata lambobin maƙwabtanta na Tawa a waya da kiredi, Inna har yau bayan la'asar sai ta kira ta ji wa ya haihu, wa ya dawo daga tahiya.