Kurakuran da masu motoci masu ƙarfi ke yi da tayoyin baya

Wanda ya saba tuƙa motar da ke ja da ƙafafun baya kaɗai ba sai an gaya masa tayarsa ta suɗe ba. Da ya taka totur a danja, ko ya fito daga kwana da ɗan ƙarfi, zai ji bayan motar ya fizge, taya ta yi ƙara, fitilar santsi ta kama a gabansa. Motar da kanta ta kai masa ƙara. Mota mai ja da ƙafa huɗu, irin su Audi RS6, BMW M5, Nissan GT-R, Subaru WRX STI ko Mercedes-AMG GLE 63, ba ta yin haka. In ƙafar baya ta fara rasa riƙo sai ta tura ƙarfin zuwa gaba, motar ta tashi lafiya lau kamar babu komai. Shi ya sa mai ita kan yi watanni yana yawo a kan suɗaɗɗiyar taya bai ji wani canji ba, sai ranar da ruwa ya sauka ya shiga kwana da gudu. Kusan duk kurakuran da zan kawo daga nan suka samo tushe.

"Ai tawa ƙafa huɗu take ja"

Wannan ita ce maganar da ta fi cutar da mutane. Jan ƙafa huɗu a wurin tashi da ƙara gudu yake taimako, domin ya raba ƙarfin inji ga taya huɗu maimakon biyu. Amma in aka zo birki, kowace mota a duniya da ƙafa huɗu take tsayawa, daga tsohuwar Golf har zuwa Porsche. In aka zo kwana kuma, abin da ke riƙe mota kada ta zame gefe shi ne robar da ke taɓa kwalta, kuma a kowace taya wurin nan bai wuce faɗin tafin hannu ba sosai. Inji mai ƙarfin doki 600 bai ƙara wa wannan tafin hannun komai ba, sai dai ya kai ka kwanar da gudun da ya fi na kowa.

Aikin tayoyin gaba da na baya ba ɗaya ba ne. Na gaba su ke juya motar. Na baya su ke hana ta juyawa fiye da yadda ka so. In na gaba suka rasa riƙo, goshin motar ne zai ƙi bin sitiyari ya miƙe. Kana jin hakan a hannunka, kuma da ka ɗaga ƙafa daga totur sai riƙon ya dawo. In na baya ne suka saki, wutsiyar motar ce za ta nemi wuce goshinta, kuma a nan abin da jiki ya saba yi, wato ɗaga ƙafa farat ɗaya ko danna birki, shi ke ƙara dagula lamarin. Dalili kuwa, nauyin mota na komawa gaba a duk lokacin da gudu ya ragu, bayan ya yi sakayau, tayar da dama riƙonta kaɗan ne ta rasa sauran.

Ga kuma abin da da yawa ba su sani ba: yawancin motocin nan ba raba-daidai suke yi ba. Audi ta fito da quattro, wato tsarinta na jan ƙafa huɗu, a 1980, kuma a motocinta masu ƙarfi na baya-bayan nan an daɗe ana bai wa baya kashi 60 cikin ɗari, gaba 40. WRX STI na ba baya kashi 59. GT-R da ta fito a 2007 kusan da baya kaɗai take tafiya, sai ta ga buƙata take tura har rabin ƙarfin gaba. M5 ta 2017 ma har maɓallin cire gaban gaba ɗaya gare ta. An yi haka da gangan don motar ta ji daɗin kwana, amma sakamakon shi ne tayoyin baya ke ɗaukar wahala, su ke fara cinyewa. Golf R da Audi S3 akasin haka suke, gaba ne ke jan yawancin tafiyar, sai dai su ma wutsiyarsu tayar baya ce ke riƙe ta.

Sa sababbi a gaba, a mayar da tsofaffi baya

In kuɗin taya biyu kawai gare ka, kusan kowane mai faci zai ce a sa su gaba, tunda can ne sitiyari da nauyin inji suke. Da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma kuskure ne. Manyan kamfanonin taya, har da Michelin, shawararsu ita ce sababbin su tafi baya. Zanen da ke jikin taya magudanar ruwa ce. Sabuwa tana zuwa da zurfin kusan milimita 7 zuwa 8, kuma duk yadda zurfin ya ragu, haka ruwan da take iya korewa ke raguwa, har a kai gudun da tayar za ta hau kan ruwan ta daina taɓa kwalta. Yanzu ka ƙaddara gaba sabo ne, baya tsoho. Ka shiga kwana cikin ruwa, gaba ya kama tsaf, hannunka na gaya maka komai lafiya, ka ƙara gudu. Bayan kuwa ya riga ya fara iyo, kuma babu sitiyarin da zai sanar da kai.

A wurinmu lokacin da ya fi hatsari shi ne ruwan farko. Watanni shida ko bakwai ƙurar hunturu da ɗigon man motoci suna taruwa a kan titi, yayyafin farko ya kwaɓa su su zama kamar sabulu. Manyan titunan Abuja masu faɗi da santsi, waɗanda ke sa mutum ya manta gudun da yake yi, a irin wannan rana suke kama mai suɗaɗɗiyar taya.

To amma a mota mai ja da ƙafa huɗu, sayen biyu ma kansa yana da tasa matsalar.

Canza ɗaya ko biyu ba tare da awo ba

Nan ne nake so a ɗan zauna a yi lissafi, domin asarar da ake yi ba a ganin ta sai ta girma. Ɗauki taya mai lamba 245/40 R18. Sabuwa, tsayinta kusan milimita 653 ne, tana juyawa kusan sau 487 a kilomita ɗaya. In zanenta ya cinye daga milimita 8 zuwa 3, tsayin ya ragu da milimita 10, sai ta koma juyawa kusan sau 495. Bambancin juyi bakwai zuwa takwas ke nan a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Abuja, tafiyar sama da kilomita 400, tsohuwar ta fi sabuwar juyi fiye da 3,000.

A motar da ke ja da ƙafa biyu wannan ba ya damun kowa. A mai ƙafa huɗu kuwa gaba da baya a haɗe suke ta na'urar rabon ƙarfi da ke tsakiya, kuma aikinta shi ne ta lura in wani ɓangare ya fi wani gudu, ta ɗauka santsi ne, ta matse. Tayoyi marasa daidaito kan sa ta yi ta matsewa a miƙaƙƙiyar hanya busasshiya, faifan kulocinta na gugar juna, mai na ɗaukar zafi. Alamun farko su ne kakkarwa in ana juya mota a hankali wurin fakin, ko wani gurnani daga ƙarƙashi in an yi nisa. Daga nan sai wurin bakanike, kuma kuɗin wannan na'ura na iya wuce kuɗin taya huɗu. Subaru dai an san ta da tsanani a nan: ana so bambancin zurfin zane tsakanin tayoyinta huɗu kada ya wuce kusan milimita ɗaya da rabi. Wasu kamfanonin sun fi sassauci, kuma littafin motarka ne zai gaya maka iyakarka.

Gyaran ba wuya. A auna zurfin duka huɗun kafin a sayi komai. In sauran ba su yi nisa da sabuwa ba, a canza biyu na layi ɗaya, wato dama da hagu, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. In sun yi nisa, huɗu za a saya. Na san da ciwo, musamman a farashin yau, amma wanda ya sayi doki ai ya san da kuɗin harawa.

Duban taya daga waje kawai

Motocin gudu ana saita ƙafafunsu na baya da ɗan karkata, saman tayar ya kwanta ciki kaɗan, don in an shiga kwana robar ta zauna daram a ƙasa. Illar ita ce gefen ciki ke fara cinyewa. Ka tsaya gefen mota ka ga zane raɗau, alhali can ciki wayar ƙarfe ta fara leƙowa. Ramukan hanya da suka bugar da saitin ƙafa, ko robobin hannun ƙafa da suka saki, suna ƙara saurin wannan cinyewa. Sau ɗaya a wata ka durƙusa da tocila ta bayan motar, ka shafa hannu tun daga gefen ciki har waje. A cikin kwarin zanen akwai wasu 'yan tudu da aka yi a tsayin milimita 1.6, in sun zo daidai da fuskar tayar, ta kai iyakar da dokar Ingila da ta Tarayyar Turai ta yarda da ita. Ni dai a ganina mota mai irin wannan ƙarfi bai kamata ta jira nan ba. Da ta kai milimita 3, kuma damina na tafe, a sauke ta. In ka sa sababbi ba ka kai an saita ƙafa ba, su ma haka za su cinye.

Juya tayoyi gaba da baya kowace kilomita 8,000 zuwa 10,000 yana sa su cinye tare, sai dai ba kowace mota ke yarda ba. Porsche 911 Turbo, GT-R da yawancin manyan BMW tayarsu ta baya ta fi ta gaba faɗi, ba a musanya su. Akwai kuma masu kibiya a gefe, waɗanda hanya ɗaya suke juyawa, ba a ƙetarar da su daga dama zuwa hagu.

Dogaro da kwamfuta

Na'urar hana zamewa, wadda Mercedes da Bosch suka fara sawa a mota a 1995, ta ceci rayuka ba adadi. Amma yadda take aiki shi ne ta kama birkin taya ɗaya don ta dawo da motar kan layi. Da riƙon taya take aikin. In tayar na kan ruwa tana iyo, birkin da ta kama bai taɓa ƙasa ba. Fitilarta in ta fara yawan ƙyaftawa a wurin da da ba ta yi, saƙo ne daga tayoyin baya. Masu kashe ta kuwa, ko masu sa yanayin tsere a titin da jama'a ke bi, ina roƙonsu da Allah su bari.

Taya 'yar Beljiyam da tayar da ta zo da mota

Zane mai kyau ba ya nufin taya mai kyau. Roba tana tsufa, ta bushe, ta yi tauri, kuma zafinmu na hanzarta hakan. A gefen kowace taya, ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta daɗe tana jan kunne a kan tsofaffin tayoyi, kuma kamfanonin taya kansu na cewa in ta shekara biyar a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai goma a yar ko da zanenta na nan.

Motar da aka shigo da ita daga Kanada ko Jamus kan zo da tayar sanyi, mai alamar dutse da ƙanƙara a gefe. Robarta mai laushi ce, an yi ta don dusar ƙanƙara. A kwaltar Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu sai ta yi lagwab, mota ta riƙa lilo a kwana, birki ya ƙara tsawo. Mafi muni shi ne a bar biyu na sanyi a baya, a sa na zafi a gaba. Ka kuma duba harafin gudu da ke bayan lambar taya: V na nufin kilomita 240 a awa, W 270, Y 300. Ba don za ka yi wannan gudun ba, sai don harafin na nuna irin zafi da nauyin da ginin tayar zai jure. Tauraro a gefe alama ce ta tayar da aka yi wa BMW, MO na Mercedes, AO na Audi, N da lamba na Porsche.

Sai iska. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta ɗauka ce, ba abin da za a hura mata ba. Ma'aunin gaskiya na kan takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ko a murfin tanki, kuma sau da yawa na baya daban yake da na gaba, yana kuma canzawa in an cika mota da mutane da kaya. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Taya mai siririn gefe ba ta nuna ta rage iska da ido, don haka bugun ƙafa ko dukan ƙarfe ba awo ba ne. Sayi ma'auninka ka ajiye a mota.

In kuwa ƙaddara ta sa bayan ya ƙwace maka, ka kafa ido inda kake son zuwa, ba inda kake tsoron bugawa ba. Ka juya sitiyari ta ɓangaren da wutsiyar ta nufa, da sauri amma ba da fizga ba, ka sassauta totur a hankali, kada ka danna birki da ƙarfi. Da zarar ta fara dawowa ka miƙe sitiyarin, in ba haka ba za ta watsa ka ɗaya gefen. In Allah Ya sa ka tsaya lafiya, daga nan wurin mai taya za ka wuce, a hankali, a auna maka duka huɗun.