Yadda ƙaramin gari a Amurka ke samun izinin zubar da ruwan sama cikin rafi

Ruwan sama da tsarkinsa yake saukowa. Kafin ya kai rafi kuwa ya riga ya wanke titi: baƙin man da ya ɗiga daga motoci, takin da aka barbaɗa wa ciyawar ƙofar gida, kashin karnuka, gishirin da ake zuba wa hanya lokacin ƙanƙara, da lakar wuraren gini. A garuruwan Amurka da yawa magudanar ruwan sama daban take da bututun ruwan masai. Na masai ana kai shi wurin tacewa, na sama kuwa daga kwata sai rafi, babu mai tare shi. Wannan ne ya sa doka ta ce gari ba zai zubar da shi ba sai da takardar izini.

Tushen abin shi ne Dokar Tsaftar Ruwa ta 1972, wadda majalisar ƙasar ta yi wa gyara a 1987 don ta haɗa da ruwan sama. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, EPA, ta fara da manyan birane masu mutum 100,000 zuwa sama a 1990. A Disamban 1999 ta fitar da ƙa'idar ƙananan garuruwa, aka ba su zuwa Maris na 2003 su shiga tsarin. A bakin ma'aikata sunan magudanar ruwan sama da ke daban da ta masai MS4. To, a ce kai aka ɗora wa aikin a ofishin ayyuka na garinku, ga yadda za ka bi.

Mataki na farko: ka tabbatar dokar ta hau kanku

Ba yawan mutanen garinku kaɗai ake dubawa ba. Idan garin ya faɗa cikin yankin birni da hukumar ƙidaya ta ce yana da mutum 50,000 ko fiye, kun shiga, ko da ku ɗan ƙaramin yanki ne a gefensa. Jami'o'in gwamnati, barikokin soja, gidajen yari da ma'aikatun tituna masu magudanarsu su ma suna ciki. Jiha na iya jawo garin da ke wajen yankin idan ruwansa na ɓata rafi. Ana iya ɗauke wa garin da mutanensa ba su kai 1,000 ba, wani lokaci har wanda bai kai 10,000 ba, amma da sharuɗɗa, kuma hukuma ce ke yankewa.

Mataki na biyu: ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

A yawancin jihohi hukumar muhalli ta jiha ke ba da izinin. A Massachusetts, New Hampshire, New Mexico da birnin Washington, EPA da kanta ke bayarwa. Galibi izini ɗaya ake rubutawa na bai ɗaya ga dukkan ƙananan garuruwan jiha, kowa ya nemi shiga ƙarƙashinsa. Ka samo shi ka karanta daga farko har ƙarshe, domin sharuɗɗan wata jiha sun fi na wata tsauri nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: takardar bayyana niyya

Ita ce takardar nema. A ciki za ka faɗi ayyukan da garin zai yi, da ma'aunin da za a gane an yi su, da lokacin da za a gama kowanne, da wanda ke da alhakin aikin. Magajin gari ko babban jami'in gudanarwa ne ke sa hannu, yana shaida cewa abin da ke ciki gaskiya ne, kuma ƙarya a nan laifi ce. Shawarata, kada ka rubuta "za mu wayar da kan jama'a" ka tsaya. Ka ce takarda nawa, gida nawa, a wane wata. Kada kuma ka yi alkawarin abin da ma'aikata biyu da mota ɗaya ba za su iya ba, don da bakinka za a kama ka.

Jama'a na da ta cewa. A 2003 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce tsarin farko ya bar garuruwa suna rubuta wa kansu sharaɗi ba tare da hukuma ta tantance ko jama'a sun gani ba. EPA ta gyara ƙa'idar a 2016. Yanzu ko dai sharuɗɗan duka suna cikin izinin bai ɗaya da aka riga aka baje wa jama'a, ko kuma a baje abin da garinku ya gabatar a saurari ƙorafi.

Mataki na huɗu: ayyuka shida da izinin ya ɗora

Biyu na farko su ne ilimantar da mutane da kuma sa su cikin aikin. Nan ne ake manna alama a bakin kwata mai cewa wannan ruwan rafi yake tafiya, a kira taro, a fita kwashe shara a bakin ruwa.

Na ukun shi ne gano haramtaccen ruwan da ke shiga magudana da toshe shi, kuma a ganina nan ne ake gane garin da ya ɗauki abin da gaske. Da taswira ake farawa. Dole ta nuna kowane bakin bututu da ke zuba da sunan rafin da yake zubawa. Takardun ofis ba sa isa, musamman a tsohon gari inda aka binne bututu tun zamanin kakanni. Sai an sa takalmin roba an bi gaɓar rafi da ƙafa, ana ɗaga ciyawa. Bayan taswira sai a jira kwana biyu ko uku ba a yi ruwa ba, a koma a leƙa kowane baki. Bututun ruwan sama ya kamata a same shi a bushe. Idan yana zuba alhali sama ba ta zubo ba, akwai magana. A duba launi, a shinshina, a lura ko akwai kumfa ko maiƙo, a ɗebi kaɗan a kai gwaji. Daga nan a riƙa bin bututun baya, ana buɗe murfin rami ɗaya bayan ɗaya har a kai inda ruwan ya yanke. Idan ana zargin wani gida, a zuba rini a masansa a ga ko launin zai ɓullo a kwata. Wasu kan hura hayaƙi cikin bututu, wasu su tura kyamara. Sau tari abin da ake tararwa shi ne mai gyaran famfo ya haɗa masai da bututun da ba nasa ba shekaru da suka wuce, mai gidan ma bai sani ba. Amma duk wannan wahala ta tashi a banza idan majalisar gari ba ta kafa dokar da ta hana zubarwar ta kuma ba ku ikon cin tara ba, saboda haka ka fara tura ta da wuri. Ba kowane ruwa ne haramtacce ba: na kashe gobara, alal misali, an ɗauke masa.

Na huɗu da na biyar na magina ne. Duk ginin da zai tone eka ɗaya ko fiye, wato kusan kashi biyu cikin biyar na hekta, sai an duba tsarinsa kafin a fara, a kafa shingen tare laka, sufeto ya riƙa zagayawa. Ƙaramin fili ma ya shiga idan yanki ne na babban aiki. Bayan an gama gini, dole a bar abin da zai riƙe ruwan ko ya tsotse shi, kamar tafki ko lambun da ke shanye ruwan rufi, a kuma rubuta wanda zai riƙa kula da shi. Tafkin da ba shi da mai shi, laka ce ke cinye shi.

Na shida, gari ya gyara gidansa: sharar tituna, yashe ramukan kwata, rufe rumbun gishiri, hana wanke motocin gwamnati a inda ruwan zai gangara kwata, da horar da ma'aikata.

Mataki na biyar: kuɗi, rahoto da sabuntawa

Izinin ba ya zuwa da kuɗin aiki. Garuruwa da dama sun kafa harajin ruwan sama, ana auna shi da faɗin rufi da daɓen da ke filin mutum, ta yadda mai katafaren wurin ajiye motoci zai biya fiye da mai ɗan gida. Ƙananan garuruwa maƙwabta na iya haɗa kai su raba wasu ayyukan, sai dai idan abokin haɗin ya gaza, alhakin na nan a wuyanku.

Ka ajiye shaidar komai aƙalla shekara 3: hotuna, sakamakon gwaji, takardun gargaɗi. A wa'adin farko na izinin rahoto duk shekara ne, jihohi da yawa kuma sun bar shi haka har gaba. Ba hukuma kaɗai ke sa ido ba, domin doka ta ba ɗan ƙasa damar kai gari kotu bayan ya ba da sanarwar kwana 60.

Wa'adin izinin ba ya wuce shekara 5. Kafin ya cika ka bincika ko an saka rafinku cikin jerin gurɓatattun ruwaye na jiha. Idan an saka shi, kuma an ƙayyade yawan dattin da zai iya ɗauka a rana, sabon izinin na iya zuwa da adadin da za ku rage, gwara a san shi tun ana tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa.