Idan inshorarka ba ta biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta

A kantin maganin da nake aiki a Kano, da wuya rana ta faɗi ba a miƙo mini takardar likita haɗe da katin inshora ba, mai ita yana cewa a asibiti an ce masa ya je ya saya a waje. Tambayar da nake fara yi ita ce: cewa aka yi maganin ya ƙare, ko kuwa ba ya cikin tsarin?

Akwai bambanci. A tsarin ma'aikatan gwamnati na NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar NHIS, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani majinyaci ke biya, matuƙar maganin yana cikin jerin da hukumar ta amince da shi. In yana ciki aka ce babu, kada ka fita haka nan. Je teburin inshora na asibitin, ka kira kamfanin HMO ɗinka, wato kamfanin da ke kula da inshorarka, in kuma dole ta sa ka saya a waje, ka karɓi rasit ka adana don neman hakkinka. In ba ya cikin jerin, to aljihunka ne, kuma a nan dabara take.

Koma wurin likita kafin ka kashe ko sisi. Ka ce masa, "Likita, ga abin da zan iya kashewa a wata." Ba abin kunya ba ne, kuma yawancinsu sukan sauya takardar nan take. Roƙe shi ya rubuta ainihin sunan maganin maimakon sunan da kamfani ya laƙaba masa. Norvasc amlodipine ne, Glucophage metformin ne, Ventolin salbutamol ne, Augmentin kuwa amoxicillin ne aka haɗa da clavulanate. Tun da GSK, kamfanin da ke yin Augmentin da Ventolin, ya sanar a 2023 cewa zai daina sayar da kayansa da kansa a Najeriya, Augmentin da Ventolin suka yi tashin gwauron zabi, alhali akwai na wasu kamfanoni masu rajista da sinadari iri ɗaya a farashi mai sauƙi. Ka kuma tambaye shi wanne ne dole a cikin takardar. Sau da yawa nakan ga ƙwayar ƙarin jini ko bitamin mai tsada ta cinye kuɗin da ya kamata ya tafi ga maganin hawan jini.

Wajen saye, fara da ɗakin magani na asibitin gwamnati, domin sau da yawa ya fi araha, sannan ka kwatanta da kantuna biyu ko uku masu lasisi. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali, in akwai wurin kankarewa ka kankare ka tura lambar ta saƙon waya yadda aka rubuta a jiki, don ka tabbatar ba jabu ba ne. Na masu talla a tasha, wanda ya wuni a rana cikin faranti, ka bar musu kayansu. Insulin kuma kada ka karɓa sai ka ga daga firji aka ɗauko shi. Maganin da ake sha kullum, sayen kwali guda yakan fi sayen kati-kati sauƙi.

Maganin tarin fuka da na HIV kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Manyan asibitoci suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya da ke duba halin marasa ƙarfi, a Kano kuma akwai Hukumar Zakka da Hubusi. In maganin iyaye ne, ’ya’ya su yanka wa kansu abin da kowa zai kawo duk wata, a damƙa wa mutum ɗaya sayen.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu rage magani a ɓoye. Wani dattijo ya taɓa zaro katin amlodipine daga aljihun babbar rigarsa, ya nuna mini yadda yake gutsura ƙwayar biyu da farce, wai sai ranar da kansa ya sara yake shan guda. Na ce, "Baba, hawan jini ba ya sallama. Mutum yana jin kansa garau jinin yana can sama, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu." Na auna shi, na rubuta masa sunan wani mai sauƙin kuɗi, na ce ya nuna wa likitansa.

In kuɗi ya yanke tsakiyar wata, zo ka faɗa wa mai harhaɗa magani ko likitanka, a duba wanda zai iya jira. Insulin, maganin farfaɗiya, maganin zuciya da na tarin fuka ba sa cikin masu jira, ko da bashi za a ci a saye su.