Kurakuran da aka fi yi wajen sayen tsohuwar mota mai gudu mai jan ƙafa huɗu a Accra

Yawancin matasanmu na Nima, Mamobi da Madina hannunsu da Corolla ya saba, ko Vitz, ko ƙananan Kia da ake haya da su. Motoci ne masu haƙuri. Ka sa musu taya kowace iri, ka zuba ruwan famfo a lagireto, ka jinkirta juyen mai, gobe da safe su tashi. Ranar da saurayi ya tara kuɗinsa ya ce shi ma sai Subaru Impreza WRX, ko Audi A4 quattro, ko BMW 330xi na farkon shekarun 2000, da waɗannan ɗabi'un yake zuwa, kuma su ne ke kashe masa motar tun bai gama murna ba. Ina son irin waɗannan motoci ƙwarai, shi ya sa nake jin zafi idan na ga ɗaya ajiye a bakin gareji, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe ta.

Abu na farko da ke cin mutane shi ne yarda da tambarin da ke liƙe a bayan mota. Tambari ana sayensa a kasuwa. Ba kowace A4 ce quattro ba, wato mai jan ƙafa huɗu, da yawa ƙafar gaba kaɗai suke ja. Haka Impreza marar turbo ana iya sa mata bonet mai baki da fiffike a baya ta koma kamar WRX, alhali WRX ɗin Amurka ta 2002 ƙarfinta doki 227 ne, 2.5 RS kuwa 165. Buɗe bonet: WRX ta wancan zamani tana da abin sanyaya iska kwance a saman inji, daidai ƙarƙashin bakin bonet ɗin. Daga nan a hau da motar kan rami, ka shiga ƙarƙashi da kanka, ka ga furofela ta taso daga giyabos ta isa ƙafar baya. Akan samu motar da aka kwance wa furofela don a ɓoye wata cuta, a sayar da ita da sunan mai jan ƙafa huɗu.

Wasu tsofaffin Subaru masu giyar otomatik suna da ramin fiyus a ɗakin inji da aka rubuta wa FWD. Idan aka soka fiyus a ciki, motar ta daina jan ƙafar baya. An yi shi ne don lalura, amma mai son rufe aibu yana amfani da shi. Duba ramin, ya zama ba komai a ciki. Sannan ka sami fili, ka murɗe sitiyari har ƙarshe, ka riƙa zagaye a hankali, hagu da dama. Idan motar tana tirjewa, tana karkarwa kamar an riƙe mata birki, abin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ya fara cijewa. Gyaran nan ba na ƙaramin kuɗi ba ne, ko dai a rage maka farashi sosai ko ka yi sallama.

Maganar taya ita ce na fi so a tsaya a kai, domin nan ne al'adarmu ta fi cutar da waɗannan motoci. Mun saba idan taya ɗaya ta fashe a je wurin mai faci a ɗauki hom-yus, wato tsohuwar tayar da aka shigo da ita daga waje, guda ɗaya, in dai lambar ta yi daidai. A motar da ke jan ƙafa biyu ba wani abin tashin hankali. A wannan kuwa tayoyin huɗu a haɗe suke ta cikin giya. Tayar da ta cinye ta fi sabuwa ƙanƙanta, don haka ta fi ta saurin juyawa, sai na'urar tsakiya ta ɗauka santsi ake yi, ta kama aiki ba dare ba rana har ta yi zafi ta ƙone. Ƙa'idar da aka sani ga Subaru ita ce bambancin kewayen tayoyin kada ya wuce rubu'in inci, wato kimanin milimita 6. Ido ba ya ganin wannan.

Saboda haka tun a wurin ciniki ka zagaya motar ka karanta jikin kowace taya. Idan ka ga kamfani huɗu daban, ka san yadda aka riƙe ta ke nan, kuma ka zargi giyar. Bayan ka saya, ka sa huɗu iri ɗaya, kamfani ɗaya, a rana ɗaya, ka riƙa sauya musu wuri don su cinye tare, iskar ma ta zama yadda aka rubuta a jikin ƙofa. Idan mai faci ya ce maka, "Yallaɓai, wannan ɗin ma zai yi," gaskiyarsa yake faɗa bisa motocin da ya sani, kai ne za ka ƙi. Haka kuma ranar da ta tsaya maka a hanya, kada ka bari a ɗaga gaba a ja ta tayoyin baya suna birgima a ƙasa. A kira motar da ke ɗaukar ta ɗungurungum.

Mutane suna sayen mota sannan su shiga neman makaniki. Juya abin. Ka fara samun masta wanda ya taɓa sauke injin Subaru ko na Audi ya mayar, ka tambaye shi a wace mota ya yi, ka je da shi ranar dubawa, ka biya shi ladan ranarsa don kada ya zama na mai sayarwa. Kafin nan ka yi yini guda a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, kana tambayar farashi: famfon ruwa, kuloci, shokozoba, turbo, giyabos. Abin da aka ce sai an aika Suame Magazine a Kumasi, ko sai an yo oda daga waje, rubuta shi daban. Audi A4 ta wancan lokaci tana da hannuwan ƙafa guda takwas a gaba, huɗu kowane gefe, kuma ramukan hanyoyinmu ba sa raga musu. S4 mai inji 2.7 da turbo biyu tana da daɗin tuƙi, amma yawanci sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a canza turbo. Idan an yi maka ita da arha, tuna araha ba ta ado.

Akwai masu kwana da burin Nissan Skyline GT-R ta 1989 ko Lancer Evolution na farko-farko. Skyline ɗin nan da sitiyarin dama aka ƙera ta, Evolution na farko ma don kasuwar Japan aka yi su. Ghana ta koma tuƙi a hannun dama tun 1974, kuma doka ba ta sakar wa kowa shigo da mota mai sitiyarin dama ba. Mafitar da ake bi ita ce a juya sitiyarin zuwa hagu, a yanke, a yi walda, a ja wayoyi da bututun birki. A motar da za ka taka da gudu a kan babbar hanyar Tema, ban yarda ka ɗora ranka da na iyalinka a kan waldar da ba ka san wanda ya yi ta ba. Nemi wadda aka haifa da sitiyarin hagu. Amurka ta samu WRX daga 2002, Evolution VIII daga 2003, Audi da BMW kuwa daga Jamus suke, inda sitiyarin hagu ake amfani da shi.

Wanda zai yo oda da kansa yakan lissafa kuɗin gwanjo da na jirgi ya tsaya nan. A tashar Tema harajin yana tafiya da girman inji, kuma motar da ta haura shekara goma akwai tarar tsufa a kanta. A 2020 majalisa ta yi wa dokar kwastan gyara kan shigo da tsofaffin motoci da waɗanda suka yi hatsari, don haka ka sa ejan mai lasisi ya ba ka lissafi a rubuce, da matsayin dokar a yau, kafin sidi ɗaya ya bar hannunka. Sau da yawa wadda ta riga ta shigo aka yi mata lamba ta fi sauƙi. Ita ma sai ka ga takardar biyan kwastan, ka gwada lambar cesis da ke jikin mota da ta takarda harafi bayan harafi. Ku je DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, tare da mai motar a juya suna a gabanka. Kada kunyar "ai Alhaji ne, na gida ne" ta hana ka, kuma kada ka miƙa takardunka ga 'yan tsakanin da ke tare mutane a bakin ƙofa.

Da wannan lambar cesis ɗin za ka iya sayen tarihin motar a intanet idan daga Amurka ko Kanada ta fito. Abu biyu ake nema, ruwa da tsatsa. Motocin da ambaliya ta ci a can suna ƙarewa a gwanjo, mu ma nan mun ga abin da ruwan 3 ga Yuni 2015 ya yi a shatale-talen Kwame Nkrumah Circle. Ɗaga kafet ka shinshina, duba laka a ramin safaya. A yankunan ƙanƙara gishiri ake watsawa a titi, yana cin ƙarfen ƙarƙashi, kuma Subaru takan fara ruɓewa ta bakin tayar baya. Ƙarƙashin da aka shafe da sabon baƙin fenti abin tambaya ne. Wani ƙaramin abu: agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa. In ka ga 150,000, kusan kilomita 240,000 ke nan.

Injin Subaru 2.5 marar turbo na ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000 ya yi suna wajen ƙona gasket ɗin kai. Zagayen unguwa na minti biyar ba zai nuna maka ba. Ka ce kada a tayar da motar kafin ka iso, ka ji tashinta da sanyi, ka kalli hayaƙin salansa: shuɗi yana nufin tana shan mai. Daga nan ku hau dutsen Aburi ta Ayi Mensah, idonka a kan allurar zafi. A sama a buɗe bonet a leƙa robar ajiyar ruwa, idan tana kumfa ko tana warin hayaƙi, magana ta ƙare. Kuma in ka mallake ta, kada ka yarda a cire tamostat da hujjar wai ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafin aikinsa ya fi shan fetur, ya fi saurin cinyewa. Ruwan sanyaya inji na gaske za ka zuba, ruwan famfo yana cin alminiyon.

Tamin bel kuwa ba a jiran ya ba da alama. Subaru ta sa mil 105,000 ga waɗannan injuna a Amurka, kuma in ya tsinke fistin da bawul ne ke karo. Duk motar da ba ta zo da rasit ba, ɗauka ba a taɓa canzawa ba, ka canza shi tare da famfon ruwa a makon farko. Injin Audi 1.8T da ke cikin A4 an san shi da daskarar da mai idan ana jinkiri ko ana zuba na gwangwanin da ba a san asalinsa ba. Buɗe murfin mai ka haska ciki. Audi TT da Golf R32 suna da na'urar Haldex a baya, wadda ke kai ƙarfi ƙafar baya, mai nata mai da tata matata, mutane da yawa ba su ma san akwai ta ba balle su canza.

Saura fetur. Littafin WRX ta Amurka ya ce a zuba mai lamba 91, sai mai mota ya ji ana cewa namu na yau da kullum ma 91 ne, ya saki jiki. Ma'aunin ba ɗaya ba ne. Lamba 91 ta Amurka ta yi daidai da kusan RON 95 a namu lissafin, wato mai tsadar da wasu gidajen mai ke sayarwa a famfo na daban. Injin turbo da ke shan ƙaramin mai cikin zafin Accra yana ƙwanƙwasa, a hankali ya fasa fistin. Ka sa wannan bambancin farashi a lissafinka na kowane wata tun kafin ka saya, kuma idan za ka yi doguwar tafiya arewa, ka tambayi direbobin hanyar garuruwan da ake samun 95, ka cika tanki a can.