Ga mai shirin zuwa tashar Kishi a Japan

'Yan uwa, duk mai son leƙa tashar jirgin ƙasa ta Kishi da ke lardin Wakayama, wadda aka naɗa kyanwa Tama shugabarta a 2007, ya sani layin na kamfani ne mai zaman kansa, JR Pass (tikitin da baƙi ke yawo da shi a jiragen ƙasa na kamfanin JR) ba ya aiki a can. Ku riƙe tsabar kuɗi, 'yan canji ma sun fi. A tashar Wakayama za ku hau, tafiyar kamar minti 30 ce. In za ku sauka a ƙananan tashoshin hanya, tikitin yini guda ya fi sauƙi, don yawancinsu ba ma'aikaci, gaba ake matsawa a biya kusa da direba. Tama dai ta mutu a 2015, magadanta kuma suna da ranakun hutu (wai kyanwa da hutu!), sai ku duba kafin ku tashi.