In Ka Ga Ƙofar Banɗaki Mai Hoton Keken Guragu

Gyaran waya nake yi a wajen Ƙofar Ƙaura. Cutar shan-inna ta kama ni ina da shekara uku, tun daga nan ƙafafuna ba su ƙara ɗaukata ba. A jarida ana ce mana masu buƙata ta musamman, a unguwa ana ce mani gurgu, kuma duk biyun ina amsawa. Ranar da zan yi nisa da gida, tun dare nake rage shan ruwa, ko da a watan Afrilu ne da Katsina ke tafasa, don ban san inda zan samu in zaga ba. Yawancin gidajen wanka da ba-haya na kasuwa da na tasha masan tsuguno ne, ƙofa ƙarama, ga dandamali a bakinta. To yanzu an fara samun banɗakin da aka yi dominmu a wasu asibitoci da bankuna da sabbin gidajen mai, sai dai mutane ba su san yadda ake zama da shi ba. Ga abin da nake so ka sani.

Za ka gane shi da alamar farin mutum a kan keke cikin shuɗin fenti. Wata ɗaliba 'yar ƙasar Denmak, Susanne Koefoed, ta zana asalinta a 1968, duniya ta ɗauka. Ɗakin ya fi sauran faɗi saboda keke yana buƙatar fili kamar mita ɗaya da rabi kafin ya juya. Filin da ke gefen masai nan nake jera kekena in ja jiki in koma kan mazaunin. Ƙarafan da ke jikin bango su ne ƙafafuna a wannan lokacin. Ƙofar kuma sau da yawa waje take buɗewa, don in mutum ya faɗi a bayanta a iya kai mashi ɗauki, saboda haka kada ka tsaya dab da ita kana danna waya.

Tambayar da aka fi yi mani ita ce, mai ƙafa zai iya shiga? Wani abokina da muke zama tare bayan la'asar cewa yake ko kusa, ɗakinmu ne. Ni ban kai nan ba. In sauran ɗakunan a cike suke, cikinka ya murɗa, ka waiga babu mai keke, babu mai sanda, babu tsoho, to shiga. Amma ka shiga da sanin aro ka yi. In akwai ɗaki ko ɗaya a buɗe, can za ka nufa, ko da wannan ya fi tsabta da sarari. Kai kana da ƙofa biyar, ni ɗaya gare ni. In kuma na iso na tarar ana layi, ba sai na bi bayan mutum goma ba, in wannan ɗakin ya buɗe nawa ne, tunda ba zan ci gajiyar sauran ba in sun buɗe.

Ka gaggauta. Ba wurin amsa kira ba ne, ba wurin sauya kaya ba ne za a tafi ɗaurin aure, balle wanka. Na taɓa jira a wani wuri har na fara jin ƙamshin sabulu yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, mutumin ya fito yana taje gemu. In an ƙwanƙwasa, ka yi gyaran murya kamar yadda aka koya mana tun a makarantar allo, a san da mutum ciki, sannan ka kammala.

Yanzu ga wanda ya fi ci mani tuwo a ƙwarya: ruwa.

Mu mutanen buta ne, da ruwa muke tsarki, wannan babu gardama. Amma kai da ka watsa ruwa a kan tayil ka ɗage wando ka tsallake, ka ɗauka wuri ka wanke. Mai sanduna biyu in robar gindin sandarsa ta hau jiƙaƙƙen tayil, zamewa take yi, kuma faɗuwar banɗaki ba ta da kyau, ga masai ga bango. Ni mai keke, tayar da ta bi ta cikin ruwan nan da hannuna nake murza ta, hannun da zan ci abinci da shi, in karɓi wayar mutane in buɗe. Akwai kuma 'yan'uwana masu rarrafe, waɗanda kake gani da silifas a hannu. Su gwiwa da tafin hannu da bakin riga duk sai sun taɓa ƙasa. In ruwan tsarkinka ne kwance a wurin, mutum ya fito da najasa a tufafinsa, ga azahar ta matso, ina zai samu wasu kayan? Saboda haka ka yi tsarkinka a kan masai, ruwan ya faɗa ciki. In ya zube ƙasa, ka nemi tsintsiya ko mofa ka kora shi magudana, ko ka gaya wa mai kula da wurin kafin ka wuce. Alwala kuwa a fito waje a yi ta. Na san faɗin ɗakin yana jan hankali, ga famfo ƙasa-ƙasa daidai wanke ƙafa, amma an sauke shi ne don hannun mai zaune ya kai.

Butar ma, ka mayar da ita inda ka same ta, kusa da masai, da ruwa a ciki in famfo ba ya kawowa. Kada ka ɗora ta kan taga.

Sai masu hawa kan mazauni da takalmi su tsuguna. Na gane, ba kowa ya saba da masan zama ba, wani ƙyama yake ji. In haka ne, ai na tsuguno sun fi yawa, je ka can. Hawan nan shi ke fasa marfi ya girgiɗa gindin masai, kuma in ya fara rawa ba ni da yadda zan jingina nauyina a kai. Haka ƙarafan bango: ba maratayin babbar riga ba ne, kuma a hana yara lilo da su. Ƙarfen da ƙusarsa ta saki ya fi babu haɗari, don sai ka sakar mashi jiki yake cin amanarka.

Wani gargaɗin kuma har da mu guragu a ciki, don ni ma na taɓa yin wannan kuskure. Na ga wani matashi ya fito daga ɗakin tsaf da shi, na ce, "Malam, ba ka ga hoton ba ne?" Bai ce komai ba, ya ɗan ɗaga rigarsa na ga jakar da ake maƙala wa wanda aka yi wa aikin hanji. Kunya ta hana ni ko ba shi haƙuri da kyau. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Akwai mai sikila da ƙugunsa ya lalace, akwai dattijon da fitsari ba ya jiransa, akwai mai tsohon ciki da tsuguno ya gagare ta, ga matan da ke zuwa asibitin Babbar Ruga neman maganin yoyon fitsari, waɗanda ke buƙatar sarari da sutura su kimtsa. Ba wanda za ka gane a fuska. In ka ga mutum ya shiga, ka kyautata zato ka yi shiru.

In kai ne ka fito ka tarar da ni ina jira, "yi haƙuri" ta wadatar. Ba sai ka tsaya ba ni labarin abin da ka ci jiya ba, matsa mani kawai. Kana son taimakawa? Tambaya tukuna: "Malam, in riƙe maka ƙofa?" ko "Baba, in kama maka?" In an ce a'a, a'a ɗin ce. Kada ka kama keken mutum ta baya ka tura ba da izininsa ba, ji yake kamar an ɗauke shi cak. In kuma ka ga namiji ya raka tsohuwa ciki, ko mace ta shiga da dattijo, ka kawar da kai, ɗa ne da mahaifiyarsa ko mata da mijinta. Masu babur, gangaren simintin da ke bakin ƙofa hanyata ce, ba wurin fakin ba.

Masu kula da wuri, saura ku. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara yadda za mu iya shiga, wa'adin ya cika a farkon 2024, kuma ta ce a fara sauraronmu in ana layi. Wasu sun gina ɗakin, Allah Ya saka. Amma sau nawa aka buɗe mani na tarar da bokitai da jarkokin ruwa da tsintsiya sun cinye filin da keke zai tsaya? Sito aka mayar da shi. Wasu kuma kwaɗo suke sawa wai don kada a ɓata. Na yarda da niyyar, amma mabuɗin ya zauna a hannun wanda ke bakin ƙofar, kuma in zai tashi ya bar wa wani. A rubuta a jikin ƙofa, da Hausa, wurin wa za a karɓa. Ran nan a wani gidan mai a hanyar Daura sai da aka tambayi mutum uku, daga ƙarshe aka ce mai mabuɗin ya tafi cin abinci cikin gari, in ɗan jira. Na ce da yaron da ke tare da ni ya ɗauko mani tsohon galan ɗin da nake ajiyewa a but ɗin mota, ya tsaya ya kare ni da darduma a bayan mota.