Darasi na 7: Ruwan Sama, Kanibo da Gine-ginen Gari da Aka Bari

Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake. Ambaliyar 1945 ce ta ci shi, aka hau da mutane bisa tudu. Ruwa kuma bai sake hanya ba: duk abin da ya zuba a tudu, gulbi yake nema, yana ratsa unguwanni da gudu a kan ƙasa mai rairayi. Ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024, wanda ya kada gidaje ya ci rayuka, ya tuna mana haka. A wannan darasi za mu ga yadda ake lissafa ruwan, wa ke yanke shawarar aiki, da lokacin da ya dace a kai kuka.

Lissafin ruwan gidanku

Idan rediyo ta ce an samu milimita 1 na ruwa, ma'anarsa lita 1 ta zuba a kan kowane murabba'in mita. A ɗauki gida mai tsawon mita 20 da faɗin mita 15. A ninka, an samu murabba'in mita 300. In aka yi ruwan milimita 50, gidan ya karɓi lita 15,000, wato tano 75 mai cin lita 200. Gida ɗaya ke nan, a dare ɗaya.

Ina ruwan nan ke zuwa? Tsakar gida mai rairayi na shanye kaso mai yawa. Rufin kwano da daɓen siminti kuwa ba su shan komai, kusan duka suke turawa waje ta indararo da rariya. Shi ya sa layin da a da ruwa ke tsanewa cikinsa kafin azahar, yau yake zama ƙorama: gidajen sun ƙaru, kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti. A wasu biranen Amurka da Jamus da wannan ma'auni ake yanka wa mai gida kuɗin magudanar ruwa, wanda ya fi rufe filinsa shi ya fi biya. Hikimar na da amfani a gare mu ko a karo-karon unguwa, domin bai kamata a yanka wa babban sito mai faɗin rufi daidai da abin da aka yanka wa gwauruwa mai ɗaki biyu ba.

Wa ke yanke shawara

Birnin Maraɗi ya kasu da'ira uku, da ma'aikatar magajin gari a samansu. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora wa gari tsabta, hanyoyin cikin unguwanni, kasuwanni da magudanan ruwa. Manyan hanyoyin ƙasa, kamar wadda ta nufi Damagaram, na gwamnati ne. Bayan zaɓen 2004 kansiloli suka riƙa zama su amince da kasafin kuɗi, magajin gari ya zartar, wakilin gwamnati ya duba ko an bi doka. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa kantomomi. Wanda ke sa hannu ya sake, amma sashen ayyuka da sashen tsabta suna nan, kasafi kuma har yanzu na shekara ne, daga Janairu zuwa Disamba.

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sai ruwa ya shiga ɗaki a watan Agusta a tashi ayari zuwa ma'aikata, alhali an riga an raba kuɗin shekara. Buƙatar babban aiki, irin sabon kanibo (magudanar ruwa ta gefen hanya), ƙaramar gada ko shimfiɗa pabe (tubalan daɓe hanya), a kai ta da kaka, kafin a rufe kasafin baɗi. Buƙatar yasa kuma a kai ta tun Maris.

A rubuce ake kai buƙata. A sa sunan unguwa da layi, tsawon wurin da mita, yawan gidajen da abin ya shafa, da abin da unguwa za ta iya yi da kanta. Mai unguwa ya sa hannu. A yi kwafi biyu, a ajiye ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu, a buga wa ɗayan hatimi da kwanan wata a koma da shi gida. Takardar da ba ta da hatimin karɓa, in ta ɓace ba ku da ta cewa.

Kuɗin aiki

Asusun gari na cika ne da harajin da magidanta ke biya, tikitin kasuwa da na tasha, kuɗin hayar shaguna, sai tallafin gwamnati da na abokan hulɗa. Kasafi gida biyu ne: na tafiyar da ma'aikata, kamar albashi da man mota, da na ayyuka. Ku tambayi nawa aka ware wa magudanan ruwa bana. Haƙƙinku ne, ba rashin kunya ba ne.

Duk kuɗin da kuka biya, ku karɓi takardar shaida mai lamba da hatimi. Ku lura kuma: baki na ƙirga dala, takarda na rubuta sefa. Dala ɗari ita ce 500 a takarda, jika ɗaya 1,000. Ku raba abin da aka rubuta gida biyar, ku ga ko ya zo daidai da dalolin da kuka miƙa. Haka ma karo-karon unguwa: gida 60, kowa dala ɗari, jika 30 ke nan. A rubuta a littafi, mai ajiya daban, mai rubutu daban, a karanta lissafi a bainar jama'a.

Yasar kanibo

Afrilu da Mayu ne lokacinta, kafin ruwan farko. Daga ƙasa ake farawa, wato inda ruwan ke fita, a yi sama. In aka fara daga sama, ruwa zai taho da ƙarfi ya tarar da toshiya, ya balle cikin gidajen gangare.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tara yashi da dattin da aka kwaso a bakin kanibo, a ce sai mota ta zo. Ruwa ɗaya ke mayar da shi inda ya fito, wahala ta tafi a banza. Kada a sa shebur sai an tanadi amalanke ko motar ma'aikata da za ta kwashe a ranar. Masu aiki su sa takalman roba da safar hannu saboda kwalba da tsatsa. Kanibon da ke rufe a ɗaga murafunsa ya sha iska, kada kowa ya kutsa ciki, domin ruɓaɓɓen datti na fitar da iska mai sumar da mutum. A mayar da kowane murfi mazauninsa. Wanda ya karye a kewaye shi a kai rahoto, don idan ruwa ya rufe hanya yaro ba ya ganin rami.

Leda ce babbar mai toshiya. Tana maƙalewa a bakin gada, yashi ya taru bayanta. An yi dokar hana ta tun 2014, amma ga ta nan ko'ina. Sai ruwan wanka da na masai da wasu ke juyowa cikin kanibo. Don ruwan sama aka gina shi. Da rani ruwan ƙazanta ba ya gudu, kwanciya yake, sauro kuwa cikin kamar kwana goma yake tashi daga ƙwai.

Kada kuma mai gida ya tula ƙasa a ƙofarsa har ta tare layi. Ya tsira, amma ya juya wa maƙwabci ruwan. Inda zaizaya ta fara cin hanya, a daina ɗibar yashi a wurin. Buhunan ƙasa na ɗan lokaci ne. Abin da ke riƙewa shi ne kejin waya cike da duwatsu, kuma ma'aikacin sashen ayyuka ne zai nuna inda za a dasa shi.

Ginin hukuma da aka bari

Tsohon aji, sito ko ofishi da aka rufe yakan lalace da sauri. Kwano ɗaya ya yaye, ruwa ya jiƙa katako, gara ta shiga, ɓarayi su cire ƙofa da taga, wuri ya zama juji. Sa'annan ga ƙungiyar mata ko ajin yaƙi da jahilci na karatu a rumfar zana. Abin na da ciwo.

A fara da gano mai shi, gari ne ko wata ma'aikatar gwamnati, domin kantoma ba ya ba da abin da ba na gari ba. Ofishin filaye ne ke da amsar. Daga nan a nemi ma'aikacin gini ya duba rufi, tushe da tsagar bango. Tsagar da ake shakka a shafa mata ɗan siminti a rubuta kwanan wata. In shafen ya tsage cikin wata ɗaya ko biyu, bangon na motsi, kada a zuba mutane ciki. Kada a kashe ko dala a gyara sai an samu yarjejeniya a rubuce: shekara nawa, haya ko aro, wa ke biyan wuta da ruwa, da makomar gyaran da kuka yi ran da hukuma ta buƙaci kayanta. Izinin baki na tafiya da wanda ya ba da shi.

Aikin gida

Ku auna tsawo da faɗin rufin ɗakinku, ku lissafa lita nawa zai zubar a ruwan milimita 40. Sa'annan ku haɗu uku-uku ku rubuta wa ma'aikatar magajin gari buƙatar yasar kanibo mafi kusa da ku, da tsawonsa da yawan gidajen da ke gefensa. Za mu karanta su a aji mako mai zuwa.